Ɗigo Uku a Jikin Salansa

Shafi na 11

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da shiruna na kwana biyu, sau uku ina rubuta shafin nan ina gogewa. Masu cewa na cika tsayawa a kan ƙarafa, yau ma sai kun daure, dole ce ta sa. In kun ga kuskure ku gyara min a hankali.

*

Noti na shida ne ya ƙi kwancewa.

Yaya ta saki sufanar, ta jingina bayanta da bangon ramin da ake shiga ƙarƙashin mota, ta runtse ido. Na hagun ne ya fara, kamar kullum: yaji-yaji, sai ruwa, sai wani farin abu da ke yawo duk inda ta kalla. A aljihun rigar aikinta takardar likita na nan a ninke gida huɗu. Kwana tara ke nan tana yawo da ita ba ta nuna wa kowa ba. Likitan bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ce in ba ta bar walda ba, idon nan ba zai kai baɗi ba.

Shi ya sa ta karɓi aikin nan. Motar ƙaninta ce za ta zama ta ƙarshe. Tana gamawa za ta rufe shagon, ta miƙa wa Mama makulli, ta faɗi abin da kowa ya sani amma ba mai furtawa: Baba ba zai dawo ba.

“Yaya, barci kika yi a ƙasan ne?”

Daga inda take takalman Auta kawai take gani, baƙaƙe sai sheƙi, yana ta ɗaga ƙafa don kada baƙin mai ya taɓa su.

“E, barci na yi. Miƙo min man fesawa, jan gwangwanin nan.”

“Wanne a ciki?”

“Ja nawa ka gani a wurin?”

Ya miƙo yana dariya, ya riƙe gwangwanin da yatsa biyu kamar an ba shi mataccen ɓera. Ɗan mai walda ne, a shagon nan ya yi rarrafe, amma har yau bai san bambancin sufana da filaya ba. Shi biro aka haifa wa hannunsa. Ita ce Baba ya zaunar kusa da shi tun tana 'yar shekara goma, har layin garejin kaf ya saba da ita. Yanzu kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka haife ta.

Ta fesa man, ta jira ya jiƙa.

Motar a-kori-kura ce, amma ba irin ta ɗaukar siminti ba. Doguwa, baƙa wuluk, silinda takwas, tayoyinta sun kusa ƙugun mutum. Ko buhu ɗaya Auta bai taɓa ɗora mata ba. Can gefen bango sabuwar salansar da ya sayo na kwance a kwali: bututu mai faɗin inci uku, na ƙarfen da ba ya tsatsa, da 'yar ƙaramar tukunya, da baki biyu masu ƙyalli.

“Ni har yanzu ban ga abin da ta kamfani ta yi maka ba,” in ji Yaya. “Lafiyarta lau. So kake dai unguwa ta san ka dawo tun kana kan titi.”

“Ba ƙara ba ce, Yaya, numfashi ne. Injin a shaƙe yake. In aka faɗaɗa bututun hayaƙi zai fita da sauri, ƙarfi ya ƙaru.”

“Karatun waya.”

“Wallahi gaskiya ne!”

“Na san gaskiya ne. Ƙarfin da za ka je ofis da shi ka dawo nake tambaya. Ko takardun ne suka yi nauyi?”

Ta ji ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba, ya fara zagaye motar. Tun safe haka yake. Ya zauna, ya tashi, ya duba waya, ya leƙa ƙofa. Ta ce ya tafi ofis in ta gama ta kira shi, ya ce a'a, ya ɗauki hutu. Hutu saboda salansa! Da tana da sauran ƙarfi da ta tsare shi da tambaya. Ba ta da shi.

Notin ya yi ƙara, ya saki.

Ta zare robobin da ke riƙe da bututun ɗaya bayan ɗaya, ta tallafe tukunyar da kafaɗa. Saura rataya ɗaya, ta can baya kusa da tayar safaya, inda wani farantin ƙarfe mai tare zafi ya rufe. Ta kwance farantin, ta kai hannu ba tare da ta duba ba, don idon ya huta.

Yatsanta ya bi ta kan ɗinkin waldar da ya haɗa ratayar da bututun.

Ta tsaya.

Waldar kamfani inji ne ke yin ta. Sumul take, kamar ɗinkin keke, ba ta da hali. Wannan kuwa mutum ne ya yi ta. Ta sake shafawa. Gaɓoɓin ɗinkin sun kwanta ta wani gefe daban, ba yadda na kowa ke kwanciya ba. Daga dama aka jawo shi zuwa hagu.

Bahago.

To, bahagwai suna da yawa a duniya, ta ce wa kanta. Ta ci gaba da bin ɗinkin da yatsa har ƙarshensa.

Ɗaya.

Biyu.

Uku.

“Auta.”

“Na'am?”

“Tocila.”

Wannan karon bai tambayi wacce ba. Ya miƙo ta da sauri.

Ta haska. Ruwa ya cika mata ido, ta goge da hannun riga, ta sake haskawa. Suna nan. Ɗigo uku a jere, ƙanana, a daidai inda ɗinkin ya ƙare. Kowane mai walda yana cike ƙarshen ɗinki don kada ya tsage daga nan, amma sau ɗaya ake dangwalawa. Mutum ɗaya ta sani a duniya mai dangwalawa sau uku. Tana ƙarama ta taɓa tambayarsa dalili, ya ɗaga hular walda yana dariya ya ce, “Ɗaya na uwarku, ɗaya naki, ɗaya na ɗan ƙiriniyar can. In na yi ɗaya sai ku yi faɗa.”

Ba ta yi ihu ba. Ba ta ma ji za ta iya ba. Ta zare robar ƙarshe, ta sauke bututun, ta turo shi waje ta bayan motar, sannan ta hau matakalar ramin a hankali kamar tsohuwa.

Ta ja bututun har kan teburin aiki, ƙarƙashin ƙusar da hular waldar Baba ke rataye shekara bakwai. Kullum da azahar in Mama ta kawo mata abinci sai ta share hular nan da gefen mayafi, ta ce, “Ki ƙara haƙuri, yana hanya.”

Yaya ta ɗauki burushin waya ta goge wurin har ya yi fari.

“Zo nan.”

Auta ya matso rabi.

“Na ce zo nan. Da safe me ka ce min game da motar nan?”

“Me na ce?”

“Ka ce yadda ta fito daga kamfani haka take. Ka ce ko noti ba wanda ya taɓa kwancewa.”

“Ai... ai haka ne.”

“To wannan fa? Aljanu ne?”

Ya leƙa kamar mai karanta takarda da ƙananan haruffa.

“Wataƙila a kamfanin ne. Ko wurin dillalin. Ni ina na san walda, Yaya? Duk iri ɗaya ce a idona.”

“A idonka. Yaushe aka ƙera motar nan?”

“Bara... farkon bara.”

“Baba fa, yaushe ya fita daga ƙofar can ya ce min, riƙe min shagon, kwana biyu zan yi?”

Auta ya kawar da kai.

“Ka iya lissafi, shi ake biyanka ka yi. Mota 'yar shekara ɗaya da rabi. Mutum ya ɓace shekara bakwai. Ko tsatsa ɗinkin nan bai gama yi ba. Yaya aka yi hannun ubanmu ya hau kanta?”

“Yaya, ki zauna tukuna.”

“In na zauna ba zan iya tashi ba. Yi magana.”

Shi ne ya zauna. A kan wata tsohuwar taya, da wandon ofis ɗinsa, bai ko duba baƙin man ba. A nan ta tabbata.

“Wata biyar ke nan,” ya ce, kansa a ƙasa. “Kin tuna tafiyar da ofis suka tura ni, na yi kwana huɗu? A hanyar dawowa na faɗa wani rami. Sai na ji abu yana jan ƙasa. Na tsaya, na ga bututun ya sauko. Aka nuna min wata rumfa a bakin hanya, aka ce akwai wani tsoho, yana da jinkiri amma aikinsa ba ya sakewa.”

“Ci gaba.”

“Na same shi yana aiki, fuskarsa a rufe da hula. Na yi sallama, na ce, Baba, don Allah salansa ce ta karye min. Kin san yadda ake ce wa kowane dattijo Baba. Wallahi haka nake nufi, Yaya. Sai ya ɗaga hular.”

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Yaya ba ta taimake shi ba. Ta tsaya tana kallon ɗigon nan uku.

“Ya rame. Gemunsa duk ya yi fari. Ni na kasa magana, shi ma ya kasa. Mun fi minti goma a haka.”

“Da ya iya fa, me ya ce?”

“Yaya...”

“Me ya fara cewa?”

“Ya ce... ya tambaya ko kin gama makarantar.”

Wata irin dariya ta kufce mata, busasshiya, har ta dafa teburin.

Makaranta. Saura wata bakwai ta gama karatun jinya ranar da ya fita. Ta ce bari ta riƙe shagon sati ɗaya. Sati ya zama wata. Ƙawayenta suka yi jarrabawa, suka sa fararen kaya, wasunsu yanzu su ne manya a asibitin da aka duba mata ido. Ɗayarsu ce ma ta miƙo mata katin, ta kalli hannayenta masu tabon wuta, ba ta gane ta ba.

“Ka ce masa me?”

“Na ce kina shago. Na ce ko kwana ɗaya ba ki taɓa rufewa ba, ko ranar da zazzaɓi ya kayar da ke. Na ce hularsa na nan a ƙusa.”

“Shi ya ɗauka na rufe?”

“Ya ɗauka wata ɗaya za ki yi ki gaji, ki sayar da kayan, ki koma karatu. Ya ce da ya ce miki ba zai dawo ba da kin bi shi. Da na faɗa masa, sai ya zauna a ƙasa, Yaya. A ƙasa, cikin turɓaya. Ya daɗe yana cewa, shekara bakwai, shekara bakwai.”

“Allah sarki. Ya sha wahala.”

“Kada ki yi haka.”

“In yi yaya? In yi guɗa?”

Ta juya wa Auta baya, ta sunkuya kan bututun. Ɗazu mamaki bai bar ta ta karanta ɗinkin da kyau ba. Yanzu ta kawo idon dama kusa, ta bi shi gaɓa-gaɓa. Farkonsa tsaf, hannun Baba sak. Amma daga tsakiya ya fara karkacewa. Nan ya yi tudu. Nan wuta ta kusa huda ƙarfen. Nan an tsaya, an sake kunnawa. Nan ma an sake. Ɗinkin da bai fi tsawon yatsa ba, sau uku aka tsaya a cikinsa. Mutumin da yake zagaye tankin mota da numfashi ɗaya.

“Hannunsa rawa yake,” ta ce a hankali.

Auta ya ɗago da sauri.

“Wa ya faɗa miki?”

“Shi. Ga shi nan a rubuce.”

“Kusan awa guda ya yi a kan ɗan wurin nan. Da hannun dama yake riƙe na hagun. Na ce ya bari in nemi wani, ya daka min tsawa. Ya ce tun kafin ya tafi abin ya fara. Ya ce rabin masu waldar layin nan shi ya koya musu riƙon sandar walda, ba zai zauna su zo suna yi masa sannu ba.”

“Sai ya bar ni ni su yi min sannun.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta fi son ta ɗaga, ta jefar da wani abu, ta fasa gilashin motar nan mai sheƙi. Amma ta duba cikinta ba ta sami komai ba sai gajiya, irin wadda barci ba ya maganinta.

“Kai kuma,” ta ce, “wata biyar kana cin abinci kwano ɗaya da ni. Kana kallona ina ɗiga magani a ido. Ka yi shiru. Sai da son ƙarya ya kawo ka canja salansa asirinka ya tonu. Da ka san ana gane hannun mai walda da ba ka kawo min ita ba.”

“Ba haka ba ne.”

“To yaya ne?”

“Ni ban damu da salansar ba, Yaya. Kin ga na yi kama da mai son ƙara? Duk bayanin numfashin nan shekaranjiya na haddace shi.”

Ta juyo.

“Shi ya ce in kawo miki. Da ya gama ɗinkin na ga ya tsaya, ya dangwala sau uku, hannun na rawa sai da ya cije leɓe. Ya mayar da farantin ya rufe. Ya ce, ka kai wa yayarka, ka ce a canja salansar gaba ɗaya, don dole sai ta sauke wannan ratayar. Kada ka ce mata komai.”

“Don me?”

“Ya ce in ta gane hannuna, ka kawo ta. In ba ta gane ba, ka ƙyale ta, ta riga ta binne ni, kada a tono mata.”

Can waje wani ya kunna injin yankan ƙarfe, ƙarar ta cika layin, ta mutu.

“Shi ne ka yi wata biyar.”

“Tsoro nake ji. In kin gane ban san me za ki yi ba. In kuma ba ki gane ba, ban san da bakin da zan koma in faɗa masa ba. Sau biyu ina kawo motar har bakin layin nan in juya.”

Yaya ta sa hannu a aljihu, ta zaro takardar likitan. Duk ta yi laushi da gumi. Ta ajiye masa a gwiwa.

“Karanta. Wannan dai ka iya.”

Ya buɗe. Ta ga idonsa ya bi layin farko, ya koma, ya sake bi.

“Innalillahi... Yaya, tun yaushe?”

“Da ka kawo motar wata biyar da suka wuce, da likitan ya ce a rage aiki ne kawai. Yanzu cewa ya yi a daina.”

“Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.”

“Na san ba ka sani ba. Gidanmu ai ba mai sanin komai.”

Ta ciro makullin shagon daga igiyar wuyanta, ta juya shi a tafin hannu.

“Yau na yi niyyar rufewa. Kwana tara ina koya wa bakina yadda zai ce wa Mama Baba ya rasu. Har na ji sauƙi, Auta. Allah ya yafe min, har na ji sauƙi. Na ce alƙawarin ya faɗi, tunda mai shi ba ya raye. Yanzu ka zo ka ce min yana can a rumfa yana jiran in ci jarrabawa.”

“Mu tafi yau. Awa shida ce. In kin gan shi...”

“Mama fa? Wa zai faɗa mata? Matar da kullum take goge hular can? In ta ji yana raye ya bar ta shekara bakwai tana kallon ƙofa, zuciyarta za ta ɗauka?”

Auta ya ninke takardar likitan. Ya kalli ƙasa.

“Ba kai za ka faɗa ba,” in ji Yaya. “Ba ka iya magana ba. Ni zan san yadda zan bi da ita. Ka ɓoye bututun nan kafin ta...”

“Salamu alaikum.”

Mama ce a bakin ƙofa, da kular abinci a hannu, kamar kowace azahar. Ta shigo tana taka ƙasa a hankali saboda gwiwarta.

“Yau 'ya'yan nawa duka biyun ne a shago? Kai kuma me ya zaunar da kai a taya da kayan ofis, ko an kore ka ne?”

Yaya ta matsa da sauri ta tare teburin da jikinta.

“Sannu da zuwa, Mama. Kawo kular. Ki zauna can waje, nan akwai ƙura.”

Amma Mama ta saba, hular take nufa. Ta kama gefen mayafinta, ta ratsa ta gefen Yaya, ta ɗaga hannu za ta share. Sai idonta ya sauka kan bututun, kan ɗan wurin da aka goge ya yi fari.

Hannun ya tsaya a sama.

Yaya ta riƙe numfashi. Ta matso kusa don ta tare ta in ta tafi za ta faɗi.

Mama ba ta faɗi ba. Ba ta yi salati ba. Ta ajiye kular a kan teburin, ta sa ɗan yatsa ta taɓa ɗigon ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta juya, ba wajen Yaya ba, wajen Auta.

“Ta gani ke nan?”

Makullin ya suɓuce daga hannun Yaya, ya yi ƙara a siminti.

“Mama,” ta ce, muryarta kamar ba tata ba, “Auta ne ya faɗa miki? Wata biyar ɗin nan ke ma kin sani?”

Mama ta sauke hular daga ƙusa. Karo na farko a shekara bakwai. Ta rungume ta a ƙirji, ta zauna a bakin benci, har yanzu ba ta kalli 'yarta ba.

“Ba wata biyar ba,” ta ce. “Ni na haɗa wa babanku jakarsa ranar da ya fita.”